Likita ya ce andometiriyos ne, kuma maganin da ya rubuta min yana hana ciki. Ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri, ba zan faɗi sunana ba.

A Garwa nake, shekarata 29, aurena shekara 6 ke nan, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ciwon mara kuwa tun ina 'yar shekara 14 muke tare. Duk wata idan al'ada ta zo, kwana biyun farko ba na iya miƙewa tsaye, sai amai da zufa, har fashin makaranta na sha yi. Innata takan zuba ruwan zafi a kwalba ta ce in dafe marata da shi, ta ce in yi haƙuri, da na yi aure zai tafi. Na yi aure bai tafi ba. Aka koma cewa sai na haihu. Haihuwar ce har yau shiru.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Idan maigidana ya kusance ni ina jin zafi can ciki kamar ana caka min ƙusa, sai in cije in yi shiru. Bayan gida ma a kwanakin al'ada sai na yi hawaye. An ce sanyi ne, na sha allurai da ƙwayoyin sanyi ba adadi, na zauna a ruwan bagaruwa, an yi min ruƙiya sau uku saboda an ce jinnul ashiƙ ne.

Makon jiya aka yi min ekografi, wato hoton ciki na na'ura. Likitan ya ce akwai ƙullutu a gidan ƙwai na hagu, santimita 5, cike da tsohon jini. Ya ce andometiriyos ne, ya rubuta endométriose a takarda, ya ba ni ordonans, wato takardar sayen magani, na wata ƙwaya da zan riƙa sha kullum, ya ce al'adar za ta tsaya kuma ciwon zai lafa. Layi ya yi tsawo a bayana, Faransancina kuma bai kai in yi dogon tambaya ba, sai na fito. Da na je faramasi mai sayarwa ya ce, Hajiya kin san muddin kina shan wannan ba za ki ɗauki ciki ba ko? Gabana ya faɗi. Na saya, amma yana cikin jakata ko ɗaya ban sha ba.

Ni da nake neman ciki ido rufe, yaya za a ba ni abin da ke hana shi? Wannan ciwon yana nufin ba zan taɓa haihuwa ba? Maigidana bai san komai ba tukuna. Mahaifiyarsa kuwa ta fara yi masa maganar ƙarin aure a gabana. Ban ƙi kishiya don Allah ya halatta ba, amma idan ta ji an ce ina shan maganin hana haihuwa, na san sunan da zan samu a dangi. Don Allah wadda ta san wannan ciwon ta taimake ni.

Ungozoma daga Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne shekara 15 da kika yi kina cije haƙori. Ciwon marar da ke hana mace miƙewa, ya sa ta amai, ya hana ta makaranta, ba ciwon al'ada na kowa da kowa ba ne. Da an duba ki da wuri da ba ki sha alluran sanyin nan a banza ba.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke yin kauri duk wata don tarbar ciki. Idan ciki bai shiga ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada. A wannan ciwon, wani nama mai kama da wannan shimfiɗar yana tsirowa a wajen mahaifa: a kan gidan ƙwai, a bututun da ƙwai ke bi, a bayan mahaifa, wani lokaci har a jikin hanji ko mafitsara. Duk wata shi ma yana amsa kiran sinadaran jiki kamar na cikin, ya kumbura ya yi jini, amma shi ba shi da ƙofar fita. Sai wurin ya yi kumburi, ya yi tabo, kayan ciki su manne da juna. Zafin da kike ji lokacin kwanciya da lokacin bayan gida yawanci daga wanda ya tsiro a bayan mahaifa ne, kusa da hanji. Ƙullutun da aka gani kuma tsohon jini ne da ya taru wata bayan wata har ya yi duhu ya yi kauri, shi ya sa likitoci ke ce masa ƙullutun cakulan.

Ba sammu ba ne, ba aljani ba, ba ya kuma daga cikin cututtukan da ake ɗauka wurin saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na ɗauke da shi, wato mata kimanin miliyan 190. Ki ƙirga matan layinku kawai. Yana kuma bin dangi, don haka idan kina da ƙanwa mai irin wannan ciwon marar, kada a bar ta ta yi shekarun da kika yi.

Maganar haihuwa: a'a, ba a rufe miki ƙofa ba. Cikin masu wannan ciwon, daga kashi 30 zuwa 50 cikin 100 ne ke shan wahala wajen samun ciki, sauran suna ɗauka ba tare da wani taimako ba. Su ma masu wahalar da yawa suna samu bayan an yi abin da ya dace. Yadda yake hana ciki shi ne tabon na iya toshe bututu ko ya lanƙwasa shi ƙwai ya kasa wucewa, ƙullutun na cinye lafiyayyen ɓangaren gidan ƙwai, kumburin kuma na ɓata wurin da ƙwai da maniyyi ke haɗuwa. Sannan ita kanta kwanciyar, idan tana da zafi, dole ta ragu.

Shi kuma maganin, mai faramasi gaskiya ya faɗa, likitan ma bai ba ki abin banza ba. Irin wannan ƙwayar tana kwantar da ciwon sosai ta hanyar tsayar da al'ada, amma maganin zafi ce, ba maganin haihuwa ba. Ba ta ƙara miki damar ɗaukar ciki bayan kin daina, ba ta kuma mayar da mace juya, tana dainawa jiki ke komawa yadda yake. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ma a ƙa'idojinta na 2022 ta ce kada a ba mace irin waɗannan magunguna da nufin su sa ta haihu. Tambayata ɗaya ce: kin gaya wa likitan cewa shekara 6 kike neman ciki? Idan ba ki faɗa ba, shi ciwon mara ya gani, shi ya yi wa magani. Ki koma ki faɗa masa da baki, ki tafi da wadda ta iya Faransanci ko ki nemi ma'aikaciyar da ke jin Hausa ko Fulatanci ta tsaya muku.

Wata daga Ngaundere:

'Yar uwa kamar labarina kika rubuta. Ni nawa a dama yake, kuma sai da na shekara 4 da aure aka gano. A Yawunde aka yi min aiki, irin wanda ba a tsaga ciki, ƙananan huji uku ko huɗu ne kawai, a zura kyamara ta cibiya a gani a cire. Suna ce masa seliyoskopi. Jirgin ƙasan dare muka hau daga nan, muka sauka wurin dangin mijina a unguwar Birkitiri. Kwana biyu na yi a gado. Abin da ya ba ni mamaki kafaɗata ce ta yi ta ciwo bayan aikin, ashe iskar da suke hura wa ciki ce ke jawo haka, kuma ya wuce da kansa.

Wata 11 bayan aikin na samu ciki, yarinyar yanzu tana gudu. Amma zan gaya miki gaskiya saboda kada a ruɗe ki kamar yadda aka ruɗe mu: haihuwa ba ta warkar da shi. Lokacin ciki da shayarwa na huta, ina yaye ta, al'ada ta dawo, ciwon ya fara dawowa a hankali.

Abu ɗaya da likitata ta ja min kunne a kai, ni ma zan ja miki. Duk lokacin da aka taɓa gidan ƙwai da wuƙa, ana rage wani abu daga ƙwan da Allah ya ajiye miki, don ƙullutun manne yake da lafiyayyen nama. Saboda haka kada ki yarda duk wanda ya ce kwanta a yanka ki kwanta. Ki nemi likitan mata da ya saba da wannan aikin, kuma kafin a yi, a auna miki jini a ga yawan ƙwan da ya rage, gwajin AMH ake ce masa. Aiki ɗaya mai kyau ya fi uku na gaggawa.

Hajiya daga Kusiri:

'Yata, Allah ya dube ki da idon rahama. Haihuwa ta Allah ce, na ga wadda ta yi shekara 14 sannan ta haifi huɗu a jere. Ki riƙe addu'ar Annabi Zakariya, ki yawaita istigfari da sadaka. Ki riƙa shan hulba da habbatus sauda da zuma. Shawarata kuma kada ki gaya wa mijinki sunan wata cuta, namiji idan ya ji an ce matsalar daga gare ki take, hujja kika miƙa masa shi da uwarsa. Ki yi maganinki a ɓoye.

Wata daga Garwa:

Hajiya Allah ya ƙara girma, addu'a da sadaka kam babu mai ja da ke. Amma maganar ɓoyewa ban goyi baya ba. Yaya za ta tafi Yawunde a ɓoye? Wa zai sa hannu idan za a yi aiki, wa zai biya? Kuma ranar da ya tsinci ƙwayar nan a jakarta ya kai wa wani ya karanta masa, me za ta ce? Wannan shi ne zai kashe auren, ba ciwon ba. Gara ya ji daga bakin likita, a zaune, a yi masa bayani.

Wani magidanci daga Njamena:

Assalamu alaikum. Ku yi min afuwa na shigo maganar mata, matata ce ta nuna min ta ce in yi magana. 'Yar uwa, ki gaya wa mijinki, kuma ki roƙe shi shi ma a gwada shi. Mun yi shekara 5 ana ɗora wa matata laifi, ta sha jiƙe-jiƙe har cikinta ya lalace, ni ina gefe ina ganin lafiyata ƙalau tunda ina iya kwanciyar aure. Da aka yi min gwajin maniyyi, wanda ake kira sifamogiram, sai aka ga ni ma da nawa. Kunyar da na ji a ranar ba ta gwajin ba ce, ta shekarun da na bar ta ita kaɗai ce.

Gwajin ba shi da zafi, ba shi da tsada idan aka kwatanta da na mata, 'yan kwanaki kawai ake cewa mutum ya ƙaurace wa iyali kafin a yi. An gano ciwo a jikinki ba ya nufin shi an wanke shi. Idan aka yi miki aiki alhali shi ma yana da matsala, ba lallai aikin kaɗai ya kawo ciki ba. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, kada ki fara da maganar mahaifiyarsa, ki fara da zafin da kike ji kina ɓoye masa. Namijin kirki idan ya ji haka jikinsa zai yi sanyi.

Wata daga wajen Lagdo:

Ni tambaya zan ƙara. 'Yar uwa kin taso kusa da ruwa? Mu nan da muke wanka da wanki a tafki da kogin Binuwai, tsargiya ta yi mana yawa, kuma mutane sun ɗauka fitsarin jini ne kawai na yara maza. Tana kama mata a mahaifa da bututu, ta kawo ciwon mara da zafin kwanciya da jinkirin haihuwa. Ni an daɗe ana ce min sanyi ne. Ba na cewa naki ita ce, tunda an ga ƙullutu, amma ki faɗa wa likita idan kin yi zaman bakin ruwa, a duba. Maganinta firazikwantel ne, ba wuyar samu.

Wata, ba ta faɗi gari ba:

Na yi ta rubutawa ina gogewa. Kowa ya kawo miki labarin da ya ƙare da goyo, ni nawa bai ƙare haka ba, kuma ina ganin kina da haƙƙin jin irinsa ma.

Shekarata 43. An gano nawa ina 36, lokacin ya riga ya manne hanji da mahaifa, bututu biyun duk sun toshe. An yi min aiki sau biyu. An ce abin da ya rage shi ne dashen ciki, wato a haɗa ƙwaina da maniyyin mijina a waje a mayar cikin mahaifa. Mun tambayi malamai suka ce ya halatta matuƙar na miji da matarsa ne kuma da igiyar aure. Mun sayar da fili muka gwada sau ɗaya, Allah bai nufa ba, ƙarfinmu kuma bai kai na biyu ba.

Yanzu ina shan irin ƙwayar da ke jakarki. Shekara 4 ke nan ban kwanta ciwon wata ba, ina zuwa kasuwa, ina azumina cikakke, ina riƙon 'yar ƙanena tun tana wata 8 kuma Mama take ce min. Don haka kada ki tsani maganin nan, ranarsa na iya zuwa, kuma rahama ne. Amma abin da ke ci min rai har gobe shi ne shekarun da na ɓatar tsakanin 28 da 36 ina yawon gidajen masu magani, kowa da jarkarsa. Ƙwan mace raguwa yake yi da shekaru, bayan 35 kuma raguwar na yin sauri, wannan ciwon yana ƙara ci daga ciki. Ke 29 gare ki. Abin da nake kuka a kai yana hannunki. Kada ki ce bari bayan salla, bari bayan damina.

Mai tambaya:

Na gode, na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya da kika yi magana ta ƙarshe, na yi kuka da na karanta naki, Allah ya raya miki 'yarki ya sa ta ji ƙanki. Anti ungozoma, gaskiya ban gaya wa likitan ina neman haihuwa ba. Ya tambaye ni yara nawa, na ce babu, na ɗauka ya gane. Kuma e, a bakin Binuwai na taso, har na yi aure muna zuwa wanki.

Daren jiya na gaya wa maigida. Na bi shawarar Malam na Njamena, na fara da zafin. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce me ya sa ban taɓa faɗa masa ba. Maganar gwajinsa dai ya ce zai yi tunani, ban matsa ba. Amma ya yarda zai raka ni ranar Litinin. Me da me zan tambaya? Ina tsoron in shiga in sake daburcewa.

Ungozoma daga Marwa:

Alhamdu lillahi, kin yi babban aiki. Ki rubuta a takarda tun daga gida, ki riƙe a hannu. Farkon abin da za ki faɗa: shekara 6 da aure, ba ciki, kuma haihuwa nake nema yanzu. Ki faɗi zafin kwanciya da na bayan gida ko da kunya, domin su ne ke nuna masa inda ciwon ya kai, wataƙila ya tura ki hoton IRM, wani hoto ne da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Ki tambaya ko bututunki a buɗe suke, akwai hoton da ake yi bayan an gama al'ada, a zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ga ko yana wucewa. Ki nemi gwajin AMH da 'yar uwarmu ta Ngaundere ta ambata, ki kawo maganar tsargiya, ki bar likitan da kansa ya yi wa maigidan maganar nasa gwajin, maza sun fi jin ta daga bakin likita. Sakamakon waɗannan ne zai nuna ko aiki za a fara yi, ko a ba ku 'yan watanni ku gwada, ko a wuce kai tsaye zuwa dashe.

Idan ya ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, ki nemi takardar turawa. A Yawunde akwai asibitin CHRACERH a unguwar Ngousso, an buɗe shi a 2016 musamman don aikin kyamara da matsalolin haihuwa, a Duwala ma akwai masu yin dashe. Kuɗin dashe ba kaɗan ba ne, ana maganar sama da miliyan na sefa, shi ya sa nake so a bi gwaje-gwajen nan da tsari kada ku zubar da abin hannunku a wurin da bai kamata ba.

Kafin nan, idan al'ada ta zo, ibuprofen na taimakawa idan aka fara shi da ciwon ya soma, ba sai ya kayar da ke ba, amma bayan kin ci abinci, kuma ban da shi idan kina da gyambon ciki ko kina zaton ciki ya shiga. Kwalbar ruwan zafin Inna ma ki ci gaba da ita. Hulba da zuma a matsayin abinci ba laifi, sai dai ba sa narkar da ƙullutu, kuma ki daina cusa komai ta ƙasa. Idan wata rana kika ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a gefen hagu, da amai ko jiri ko zazzaɓi, kada ki jira Litinin, ki tafi asibiti a daren, ƙullutu na iya fashewa ko ya murɗe.

Ƙwayar kuma ki tafi da ita a kwalinta ki nuna masa, shi zai ce a ajiye ko a sha.

Mai tambaya:

Na kwafe duka a takarda, na sa ta cikin kwalin maganin don kada in manta. Ƙanwata mai bi min tana aji na ƙarshe a lise, wato sakandare, ita ma duk wata sai an je an ɗauko ta daga makaranta. Na kira Inna na ce a shirya min ita, da ita za mu tafi ranar Litinin in sha Allahu.